Ciwon Suga: Mai Shigowa Ba Sallama

Daga watan Maris na 2016 zuwa Afrilun 2017, likitoci a manyan asibitoci shida na Najeriya, ciki har da na koyarwa da ke Kano da Zariya, sun bi diddigin majinyata 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa mai nasaba da ciwon suga. Sakamakon ya tayar da hankali. Kashi 35 cikin 100 sai da aka yanke musu yatsa ko ƙafa. Ɗaya cikin biyar bai fita asibitin da rai ba. Kusan rabinsu sun shafe fiye da kwana 50 a kan gado, ɗaya cikin goma kuma ya tattara kayansa ya koma gida ba da yardar likita ba.

Irin wannan gyambo da ƙanƙanta yake farawa. Ƙaya ce a hanyar gona, ko ƙusa a bakin shago, ko sabon takalmi da ya ci dunduniya, ko faso da ya tsage da hunturu. Ga mai lafiya, abin kwana uku ne ya warke. Ga wanda suga ya daɗe yana yi wa ɓarna a ɓoye, wannan ɗan rauni na iya raba shi da ƙafarsa, da sana'arsa, da abin da ya tara. Kuma da yawa daga cikin masu zuwa asibiti da ruɓaɓɓiyar ƙafa, a ranar ne suke fara jin cewa suna da ciwon.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Duk tuwon da mutum ya ci, ko shinkafa, ko biredi, ko fura, idan ya narke a ciki suga yake komawa, ya shiga jini. Da wannan suga jiki ke samun ƙarfin tafiya da noma da tunani. Sai dai ba ya iya shiga tsoka da kansa, sai da taimakon wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi take samarwa, likitoci na kiranta fankiriyas. Lamarin ya yi kama da motocin hatsi da suka iso kasuwar Dawanau, 'yan dako kuma ba su fito ba: buhuna sun cika titi har sun tare hanya, shaguna kuwa fanko. Haka mai ciwon suga yake. Jininsa cike da suga, tsokarsa na kukan yunwa.

Ciwon kala-kala ne. Nau'i na ɗaya ya fi kama yara da matasa. Garkuwar jiki ce take juyowa ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, don haka mai shi ba ya rayuwa sai da allura kullum. Shan alewa ba ya kawo shi, kuma ba laifin uwa ba ne. Nau'i na biyu shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba, domin a cikin masu ciwon goma, tara shi suke da shi. A nan insulin na nan, amma jiki ya daina jin maganarsa, daga baya kuma yawansa ya ragu. Gado na da hannu a ciki, haka shekaru, da teɓa, da yawan zama wuri ɗaya. Akwai kuma wanda ke tasowa da juna biyu, ya lafa bayan haihuwa, amma ya bar macen cikin haɗarin kamuwa da nau'i na biyu nan gaba.

A watan Afrilun 2025, a taronta na birnin Bankok, Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince da wani nau'in da ta kira na biyar, wanda ke da alaƙa da rashin abinci mai gina jiki tun ana ƙarami. Masu shi galibi matasa ne ramammu a ƙasashen Afirka da Asiya. Wannan kaɗai ya isa ya rushe maganar da aka saba ji a majalisa, wai suga ciwon masu kuɗi ne.

Tsohon ciwo, sabon yawa

Ɗan'adam ya daɗe da sanin wannan cuta. Likitocin Indiya na zamanin da sun lura cewa tururuwa na taruwa a fitsarin wasu marasa lafiya, alamar da har yau tsofaffi a ƙasar Hausa ke ganewa da ita idan suka ga kiyashi sun yi dandazo a makewayi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin ciwon har da ruɓewar gaɓa da raunin mazakuta da yake jawowa. Abin da aka rasa tsawon ƙarnoni shi ne magani. Yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya, da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu.

A 1921, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, wani likita mai suna Frederick Banting da ɗalibi Charles Best suka yi nasarar tatso insulin daga jikin karnuka. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko. Yaron da ake jiran ajalinsa ya farfaɗo, ya ƙara shekara 13 a duniya. Masu binciken sun sayar wa jami'ar haƙƙin mallakar maganin a kan dala ɗaiɗai, don kada tsada ta hana kowa samu. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce ta zama ranar ciwon suga ta duniya tun 1991.

Bayan shekara ɗari, ciwon sai ƙara yaɗuwa yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shi sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kuma fiye da rabinsu ba sa shan magani. A ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021, manya miliyan 24 ne ke da shi a Afirka kudu da Sahara, ana hasashen za su kai miliyan 55 a 2045, kuma kashi 54 cikin 100 ba su san suna ɗauke da shi ba. A Sudan, inda Hausawa masu yawa ke zaune, kusan babba ɗaya cikin biyar ne.

A Najeriya, binciken ƙasa na 1992 ya samu kashi 2.2 cikin 100. Zuwa 2018, wani nazari da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero ya jagoranta, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar, ya nuna adadin ya doshi kashi 6. Arewa maso yamma na da kashi 3, arewa maso gabas 5.9, yankin Neja Delta 9.8. Nazarin ya ɗora alhakin a kan zaman birni, da rashin motsa jiki, da manyanta, da sauyin abinci. Ba sai an je nesa ba kafin a ga haka. Wanda kakansa ke tafiya gona da ƙafa ya yi wunin huɗa, yau acaɓa yake hawa zuwa shago, ya zauna daga safe zuwa magariba, karin kumallonsa biredi da shayi mai cokali huɗu na suga, da rana taliya da lemon kwalba.

Alamun da ake ba wa wani suna

Idan suga ya yi yawa a jini, ƙoda kan yi ƙoƙarin zubar da shi ta fitsari, shi kuma ya ja ruwa ya tafi da shi. Daga nan ne yawan fitsari ke zuwa, mutum ya tashi sau huɗu ko biyar cikin dare, sai ƙishirwar da ba ta jin ruwa, da rama duk da ana ci, da kasala, da gani hazo-hazo, da maruru da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Matsalar ita ce kowace alama akwai sunan da aka riga aka ba ta a gari. Kasala shawara ce ko taifot. Ƙaiƙayin gaba ga mace sanyi ne, sai ta yi ta shan maganin sanyi wata da watanni. Raunin namiji basir ne, sai a nufi mai maganin gargajiya a bakin tasha. Zafin tafin ƙafa da dare, da jin kamar ana soka allura, wani ya ce sawun aljanu aka taka, wani ya ce jifa ce. Wanda ya rame farat ɗaya kuma sai a fara raɗe-raɗin ƙanjamau a bayan idonsa. Yaro mai nau'i na ɗaya da ya zo da amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, sau da yawa maganin zazzaɓin cizon sauro ake fara ba shi, alhali jininsa ne ke yin tsami saboda rashin insulin, kuma sa'o'i kaɗan ne tsakaninsa da suma.

Nau'i na biyu ma yakan yi shekaru ba tare da wata alama ba sam. Gwaji ne kaɗai ke tona shi. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba aka auna da safe aka ga 7.0 ko fiye, a ɗaya ma'aunin 126, to ciwon suga ne, muddin an maimaita an sake samun haka. Idan a kowane lokaci na yini aka ga 11.1, wato 200, tare da alamun da aka ambata, shi ma haka ne. Akwai kuma gwajin HbA1c da ke nuna yadda suga ya kasance a cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, inda 6.5 ke zama iyaka. Mai sikila ko mai ƙarancin jini ya kamata ya sanar da likita kafin a yi masa wannan gwaji, domin yanayin jininsa na iya karkatar da sakamakon.

Ƙafa, ido, ƙoda

Sugan da ya daɗe sama yana cin jijiyoyi iri biyu: masu kai jini da masu kai saƙon ji. A ƙafa ne abin ya fi muni, don dukansu biyun kan lalace tare. Ƙafar ta yi dindiris, mai ita ya taka ƙusa bai ji ba, jini kuma ba ya isa wurin da kyau balle raunin ya warke. Da sanyi dattijo kan miƙa ƙafa kusa da kaskon garwashi ya yi barci, ya farka da ƙuna. Mai yankan farce da ke yawo layi-layi ya ɗan zarce da aska, jini ya fito kaɗan, kowa ya manta. A Makka da Madina, alhazai masu suga da takalminsu ya ɓace a ƙofar masallaci sukan taka dandaryar ƙasa mai zafi da rana tsaka, tafin ƙafar ya saluɓe ba su sani ba, abin da likitocin aikin hajji ke gani duk shekara.

Bayan raunin sai jinkiri. A shafa man zafi, a barbaɗa garin kafso, a ɗaure da tsumma, a kai wa wanzami ya tsaga. Sai wari ya fara tashi, yatsa ya yi baƙi, sannan a nemi mota. A lokacin likita ba shi da zaɓi mai yawa, kuma kowace ƙafa da aka yanke tana ƙara wa mutanen unguwa tsoron asibiti, su ce ai da ka je yankewa za su yi.

Kariyar kuwa ba ta da tsada. Musulmi na wanke ƙafa sau biyar a yini, kuma kowace alwala dama ce ta dubawa: tsakanin yatsu, dunduniya, tafin ƙafa, da madubi ko da taimakon wani na gida idan ido ya yi rauni. A tsane tsakanin yatsu bayan an wanke, a shafa mai a kan kaushi amma ban da tsakanin yatsun, a zazzage takalmi kafin a saka, kada a taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida. Duk raunin da ya kwana biyu bai nuna alamar warkewa ba, na asibiti ne.

Ido ma haka yake lalacewa shiru. Ƙananan jijiyoyin jini da ke bayan ido kan fashe ko su toshe, kuma kafin gani ya ragu ɓarnar ta yi nisa, shi ya sa ake son mai suga ya je a duba masa bayan ido sau ɗaya a shekara, ko da yana gani garau. Yanar ido ma tana zuwa masa da wuri. Ƙoda kan fara zubar da sinadarin furotin a fitsari shekaru kafin ta gaza, idan ta gaza kuma sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kuɗin da ko attajiri yana jin sa a jika. Ciwon suga da hawan jini sun saba tafiya tare, haɗuwarsu ce ke kai mutum ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai suga ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da tarin fuka kusan sau uku.

Ga mai juna biyu, sugan da ba a kula da shi ba yana sa jariri ya yi girman da ya wuce kima, ya haura kilo 4, naƙuda ta yi tsanani, wani lokaci a rasa ɗan. Tsakanin mako na 24 da na 28 ake gwajin, ga wadda ke zuwa awo.

Me za a ci?

Wannan ita ce tambayar farko da kowane sabon majinyaci ke yi, kuma a nan ne shawarwarin 'yan'uwa da abokan arziki suka fi yawa. Wani ya ce a bar shinkafa har abada a koma tuwon alkama. Wani ya ce acha. Wani ya ce a maye suga da zuma ko mazarƙwaila. Gaskiyar ita ce alkama da acha da dawa da gero duk hatsi ne, duk suga suke komawa, zuma da mazarƙwaila kuwa suga ne tun daga farko. Malmala uku ta tuwon alkama ta fi malmala ɗaya ta tuwon shinkafa tayar da suga. Abin da ke kawo bambanci shi ne yawan abin da aka ci, da yadda aka sarrafa hatsin, domin wanda ba a surfe shi tas ba ya fi jinkirin narkewa, da kuma abin da aka haɗa shi da shi.

Ƙasar Hausa ba ta rasa abin haɗawar ba. Zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kuɓewa, kuka, kabeji, gauta, wake, gyaɗa, kifi, ƙwai, nono marar suga. Tsarin da masana abinci ke koyarwa mai sauƙi ne: rabin kwano ganye, kwata wake ko nama ko kifi, kwata tuwo ko shinkafa. Abin sha ne ya fi yaudara. Gwangwanin lemo ɗaya na ɗauke da kusan giram 35 na suga, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba mai lafiya ma kada ya wuce kimanin giram 50 a yini. Zoɓo da kunun aya da fura da ake ɗurawa suga don su ja ciniki ba su fi shi sauƙi ba, haka shayin buzaye da ake kurɓa zagaye uku.

Motsa jiki magani ne da aka auna aka gani. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2002 ya bi mutanen da sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Waɗanda suka rage ƙiba kaɗan suka riƙa tafiya da sauri ta minti 150 a mako, haɗarinsu na kamuwa ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin kaɗai, ya ragu da kashi 31. A Birtaniya kuma, binciken da aka fitar a 2017 ya nuna kusan rabin masu nau'i na biyu da ba su daɗe da shi ba, da suka shiga shirin rage nauyi a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, sugansu ya koma daidai ba tare da ƙwaya ba bayan shekara ɗaya.

Shuwaka da garahuni da hulba da sassaƙen maɗaci suna da masoya, amma ba wanda aka tabbatar yana maye gurbin insulin ko ƙwayar likita, kuma mai tallar da ke rantsuwa a lasifika cewa zai kawar da suga cikin mako biyu yana jefa rayuka cikin haɗari. A ɗaya ɓangaren, ƙwayoyin sa ƙiba da wasu 'yan mata ke saye a kemis, musamman dangin dexamethasone, suna tayar da suga da kansu.

Azumi da mai suga

Wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 na Musulmi, aka wallafa a 2004, ya tambayi masu suga fiye da 12,000. Kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu da kashi 43 na masu nau'i na ɗaya sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar suga mai tsanani ta ninka sau da dama a cikin watan. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma a 2009 Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Sharja, ta zauna da likitoci ta rarraba masu suga gwargwadon haɗarin da azumi ke da shi a gare su.

Abin da likitoci ke so shi ne mai niyyar azumi ya zo tun a Rajab ko Sha'aban a gyara masa lokutan magani da yawansa. Ya jinkirta sahur, ya sha ruwa sosai da dare, ya yi buɗa-baki da dabino ɗaya ko biyu maimakon tulin kunu da ƙosai da lemo a zama guda. Huda yatsa don awon suga ba ya karya azumi a fatawar malamai. Idan awon ya sauka ƙasa da 3.9, wato 70, ko ya haura 16.6, wato 300, sai a sha ruwa nan take.

Faɗuwar suga abu ne da kowa a gidan ya kamata ya gane: rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, jiri, magana ba kai. Idan mutum yana cikin hayyacinsa, a ba shi ƙwayar suga uku ko huɗu, ko rabin kwalbar lemo, sannan abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Kuɗin magani da randar insulin

A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun majinyaci yake fita. Ga ciwon da ba ya ƙarewa, wannan nauyi ne na kowane wata: ƙwaya, allura, sirinji, tsinken awo, kuɗin mota, kuɗin kati. Kamfanoni uku, Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, su ke riƙe da sama da kashi 90 na kasuwar insulin ta duniya, kuma da dala ake shigo da shi. Da darajar naira ta faɗi a 2023, shekarar da kamfanonin magani na GSK da Sanofi suka sanar da daina gudanar da harkokinsu kai tsaye a ƙasar, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A 2024 Ƙungiyar Masu Ciwon Suga ta Najeriya ta koka cewa kwalbar insulin da ake saye kusan naira 4,000 ta kai 18,000, a shekarar da mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000. Mai hannu baka hannu ƙwarya sai ya fara rage allura don kwalba ta kai ƙarshen wata, ko ya sha ƙwaya sai ranar da ya ji jiki.

Sai batun ajiya. Insulin da ba a buɗe ba firji yake so, amma ba a bari ya daskare. A garin da wuta ba ta tsayawa, ga zafin bazara da ke haura digiri 40, dabarar gida ce ke ceto. Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Don tumatir da ganye ya yi ta, amma irin wannan tukunya ce masu suga ke ajiye allurarsu a ciki daga Mali har Sudan. Wani gwaji da aka yi a Hartum, aka wallafa a 2016, ya tabbatar tukwanen ƙasa da salkar fatar akuya suna rage zafi sosai. A 2021 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janiba suka nuna cewa a yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley da ke Kenya, inda zafi ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37, kwalbar da aka buɗe ba ta rasa ƙarfinta cikin mako huɗu. Sharaɗin shi ne a saka kwalbar a cikin roba mai murfi don ruwa kada ya taɓa ta, a ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Ciwon mutum ɗaya, jinyar gida duka

A ƙasashe irin su Ingila akwai ma'aikatan jinya da ke bin tsofaffi gida suna yi musu allura da wankin rauni. A nan iyali ne ke ɗaukar wannan aiki kaf, kuma mata ne suka fi ɗauka. Matar gida ce za ta dafa tukunya biyu da cefanen da ɗaya ma bai isa ba. 'Yar gida ce za ta bar makaranta ta kwana a barandar asibiti wata biyu tana jinyar mahaifinta. Direba ko ɗan acaɓa ko manomi da aka yanke wa ƙafa ya rasa hanyar abinci a daidai lokacin da kuɗin magani ya ninka, sai a sayar da akuya, a bi da gona, a koma neman taimako a masallaci bayan sallar Juma'a.

Akwai kuma nauyin da ba a faɗa. Magidancin da ciwon ya taɓa mazakutarsa yakan yi shiru, zaman aure ya yi tsami ba wanda ya san dalili. Budurwa mai nau'i na ɗaya takan ɓoye allurarta don kada manema su gudu. Yaro a makarantar kwana ko ta allo yana buƙatar malamin da ya san cewa yawan neman izinin fitsari ba iskanci ba ne. Damuwa da baƙin ciki sun fi yawa a tsakanin masu suga, kuma wanda ransa ya ɓaci shi ne ya fi saurin watsar da magani.

Duk da haka ciwon ba ya hana mutum cika burinsa idan ya samu kulawa. Nacho Fernández yana ɗan shekara 12 aka gano yana da nau'i na ɗaya, likitar farko ta ce masa ya haƙura da ƙwallo, bayan 'yan kwanaki wani ƙwararre ya ce masa motsa jiki ma shi ne abin da yake buƙata. A watan Yunin 2024 shi ne ya ɗaga kofin zakarun Turai a Wembley a matsayin kyaftin ɗin Real Madrid. Tsohon shugaban Najeriya Olusegun Obasanjo ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya haura shekara 35 da ciwon, kuma ya riƙe shi da kula da abinci, da motsa jiki, da bin umarnin likita.

Abin da ya rage ga hukuma da jama'a

A 2022 ƙasashen duniya suka amince da buri biyar da ake son cimmawa kafin 2030, ciki har da gano kashi 80 cikin 100 na masu ciwon, da tabbatar da cewa duk mai nau'i na ɗaya yana samun insulin da kayan awo a farashin da zai iya. A shekarar ce Najeriya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, ta kuma kafa dokar da ta wajabta inshorar lafiya. Jihohi irin su Kano na da nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya. Sai dai mafi yawan manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu har yanzu ba su shiga ba, harajin naira 10 kuma hauhawar farashi ta riga ta cinye shi. Alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Aikin da ya fi gaggawa a ƙaramin asibitin unguwa yake: na'urar awo da tsinkenta, ma'aunin hawan jini, metformin da ba ya yankewa, da ma'aikacin da zai ce wa majinyaci ya cire takalmi a duba ƙafarsa. Limamai da masu unguwanni da gidajen rediyo na da bakin da jama'a ke saurare fiye da na likita.

Wanda ya kai shekara 35, ko yake da teɓa ko hawan jini, ko mahaifi ko ɗan'uwansa ke da suga, ko macen da ta taɓa haifar ƙaton jariri, ya kamata ya je a auna shi ko da ba ya jin komai. A kusa da 14 ga Nuwamba, asibitoci da ƙungiyoyi da dama kan yi gwajin kyauta. Ɗigon jini ɗaya ake ɗauka daga yatsa, sakamako ya fito nan take, idan kuma ya nuna sama likita zai sa a dawo wata safiya ba a karya ba, a sake aunawa kafin a fara magani.